Kwana goma a Taiwan: abin da na ci da abin da na tsallake

Mai Kwamfuta:
Assalamu alaikum jama'a. Na sauka jiya da daddare, alhamdu lillahi. Tun ina can Hajiya take damuna sai na kawo labarin abinci, to ga shi tun kafin in koma kasuwa in manta.

Baje kolin kwamfuta na Computex ne ya kai ni Taipei, babban birninsu, a farkon watan Yuni, da aka tashi na ƙara kwanaki na leƙa kudu. Mutanen nan ba sa wasa da cikinsu. Rana na faɗuwa za a tare titi a kafa kasuwar dare, rumfa na bin rumfa, ga hayaƙi ga ƙamshi, kowa na tafe yana ci a tsaye. Na je ta Shilin, na je ta Ningxia, na je ta Raohe. A bakin ƙofar ta Raohe na tarar da dogon layi, ana manna wani ƙullin fulawa a bangon tanderu, sak yadda ake gasa gurasa a Jakara. Yawuna ya tsinke. Na bi layi, saura mutum uku a gabana na ce bari dai in tambaya. Wani saurayi ya rubuta min a waya: alade ne da masoro da lawashi. Na zare jikina a hankali.

Wannan ita ce matsalar. Kusan duk abin gishiri da suke alfahari da shi, alade na ciki. Shinkafa da dagargajajjen nama da suke kira lurou fan, alade ne. Gua bao, turarren burodi da ake naɗe nama a ciki, shi ma haka. Har wani baƙin abu na gani a tsinke an barbaɗe shi da garin gyaɗa, na ɗauka alawa ce, ashe shinkafa ce aka cuɗa da jinin alade. Kwana biyun farko a kan dafaffen ƙwan da suke dafawa cikin ruwan shayi a shagunan 7-Eleven na rayu, sai gasasshen dankali da ayaba.

Rana ta uku na koma ɓangaren kayan zaƙi, a nan na sha mamaki. Wallahi duk kayan gonarmu ne: gyaɗa, wake, rogo, gwaza, dankalin Hausa, citta, mangwaro. Abin da muke sa wa gishiri da yaji, su sukari da ƙanƙara suke sa masa. A Jiufen, wani tsohon garin masu haƙar zinariya da ke kan dutse, sun kirɓa gwaza da dankali da sitaci sun yanka ƙanana, an dafa, an zuba kan ƙanƙara da jan wake. A titin Yongkang na ci kankararriyar ƙanƙara mai laushi kamar auduga, an lulluɓe ta da mangwaro da madara mai kauri, kwano ɗaya sai ya ishi mutum biyu. Amma wanda ya fi kwanta min shi ne douhua: madarar waken suya ce aka daskarar da ita ba a matse ba, tana rawa a cokali, an zuba mata ruwan sukari da dafaffiyar gyaɗa da ta yi luguf. Hajiya, awara ce tun tana jaririya.

Hajiya Mai Awara:
Wa'alaikumus salam, sannu da hanya ɗana, ya gajiya? Awara da sukari kuma? To ni ba wannan na aike ka ba. Wata na gani a bidiyo mutane na toshe hanci amma suna bin layinta. Ka ci ko tsoro ya hana ka?

Mai Kwamfuta:
Na ci Hajiya. Chou doufu suke ce mata, ma'anarsa ke nan ma, awara mai wari. Tun daga nesa za ki ji, ni da fari na ɗauka kwata ce ta fashe. A ruwan da aka bari ya ruɓa da ganyayyaki ake jiƙa ta, sannan a soya, a huda tsakiya a zuba tafarnuwa da barkono, a ɗora kabeji mai tsami a gefe. Bayanta ƙaras-ƙaras, cikinta laushi. Warin a hanci yake, a baki ba ya kai haka. Wanda ya taɓa wucewa ta gidan da ake shanyar daddawa bai kamata ya yi musu dariya ba.

Baban Khalifa:
Kai dai faɗi gaskiya, yunwa ce ta koya maka. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya tsallaka duniya, ya dawo yana mana santin wake da sukari? Wake da shinkafa na sani, da mai da yaji. Gwaza kuwa ko a nan sai da ƙuli take shiga. In da tuwo a gabanka ba za ka kalli wannan ba.

Mai Kwamfuta:
Alhaji ba zan musa ba, yunwa ce ta fara kai ni. Amma ran da na ƙoshi ma na koma. Kuma zaƙinsu ba irin namu ba ne mai hawa kai, kaɗan suke sawa. Su abin da suke nema a baki shi ne danƙo, abu ya riƙa turo haƙori yana dawowa, har suna gare shi, Q suke cewa, in ya kai maƙura su ce QQ. Kai da kake tauna ganda rabin awa ai ka san daɗin.

Ɗalibin Tainan:
Salam. Yaya sannu da zuwa, da na san za ka sauko kudu da mun haɗu. Shekarata uku a nan, bari in ɗan yi gyara, ba don in ɓata maka santi ba.

Awarar nan mai wari ba kowacce ce za ka ci hankali kwance ba. Wasu na sa busasshen jatan lande a ruwan jiƙon, wannan ba matsala. Matsalar man suya ne, don rumfa ɗaya na iya soya abu uku a kasko ɗaya. Sannan akwai wadda ake dafawa a romo mai yaji, ita kusan kullum da daskararren jinin agwagwa take zuwa, wani lokaci da hanjin alade. Sai ka nemi rumfar da aka rubuta 素, wato ta masu ƙin nama.

Abu na biyu da ke kama baƙi shi ne abin da ba ya kama da alade. Akwai wani nama da suke dakawa ya yi yaushi-yaushi, wallahi ba ka raba shi da dambun nama, suna barbaɗa shi kan burodi da cikin dunƙulen shinkafar karin kumallo. Rousong ke nan, galibi alade ne. Wainar fulawa da lawashi, da wainar ƙwai mai naman ƙumba na teku da ta yi suna a kasuwar dare, da yawa da kitsen alade ake soya su. Kaza kuma ko an ce maka ba alade, ka tuna giyar shinkafa. Sanannen girkinsu na kaza mai kofi uku, kofunan su ne man riɗi, baƙin ruwan waken suya, da giyar shinkafa, sai a watsa ganye irin ɗoɗɗoya.

Ka haddace zane uku kawai: 豬 alade, 素 ba nama, 清真 halal.

Mai Kwamfuta:
Innalillahi. Burodi mai dambun nan sai da na ɗauka na juya shi a hannu a wani shago, tsadarsa ce ta sa na ajiye. Awarar kuwa a rumfar masu ƙin nama na ci, wanda ya raka ni ne ya zaɓa, Allah Ya saka masa.

Maman 'Yan Biyu:
To wai ba Musulmi ne a ƙasar? Ni fa in na kwana biyu ban ci nama ba jiri nake gani.

Mai Kwamfuta:
Akwai, Maman 'Yan Biyu. Na yi Juma'a a babban masallacin Taipei, kusa da gandun shaƙatawa na Daan, tun 1960 aka buɗe shi. Yawancin sahun 'yan Indunusiya ne masu aikatau da aikin masana'anta, sai 'yan Pakistan da Larabawa da tsofaffin 'yan ƙasa. Ranar Lahadi kuma in kin je babbar tashar jirgin ƙasa ta Taipei sai ki ɗauka Jakarta ce, sun cika zauren a zaune a ƙasa, a lungunan kusa kuma akwai gidajen abincinsu. A can na ci shinkafa da naman sa mai kwakwa har na yi gumi.

Kuma na samu gidan taliya da romon naman sa mai alamar halal. Wannan shi ne abincin da suke ɗauka kamar tutarsu. Romon ya sha wuta, naman na narkewa, taliyar da hannu aka murza. Sau uku na koma. Tsinkayen cin abincin nan biyu ne dai suka ƙi ni, na nemi cokali mai yatsu ban ji kunya ba.

Ɗalibin Tainan:
Abin dariyar shi ne asalin manoman Taiwan ba sa cin naman sa. Sa ne ke musu huɗa, suna ganin butulci ne ka ci abokin aikinka, har yanzu akwai tsofaffin da ba sa taɓawa. Taliyar naman san ta yaɗu ne bayan 1949, lokacin da gwamnatin Kuomintang ta sha kashi a babban yankin Sin ta ƙauro da sojojinta da iyalansu. A cikin waɗanda suka ƙauro akwai Musulmi 'yan Sin, su ne tushen tsofaffin da ka gani a masallaci. In ka sake zuwa ka leƙa Zhongli, ba nisa da filin jirgin Taoyuan, akwai masallacin Longgang, unguwar cike take da girkin mutanen lardin Yunnan na Sin da na ƙasar Bama, wato Myanmar.

Mu nan Tainan tun asuba ake bin layin wani romo da ake kwarara wa ɗanyen naman sa da aka yanka a daren. Shekara uku ina wucewa ina haɗiyar yawu.

Baban Khalifa:
To me ya hana ka? Sa ne fa, ba alade ba.

Malam Na Zaure:
Yanka ne ya hana shi, Alhaji. Sa halal ne, amma sai Musulmi ko Ahlul Kitabi ya yanka. Yawancin mutanen can addinin Buddha da na Tao da bautar kakanni suke bi, don haka sa da kaza da agwagwa duk hukuncinsu ɗaya in ba a san wanda ya yanka ba. Abin da ke da sauƙi shi ne na ruwa. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande, dalili kuwa aya ta 96 a Suratul Ma'ida. Sai dai a kula da abin da aka soya shi da shi, kamar yadda ɗalibi ya faɗa.

Ni tambayata gidajen masu ƙin naman nan. Ba gaban gunki ake kai abincin kafin a sayar ba?

Ɗalibin Tainan:
A'a Malam, gidajen abinci ne na kasuwa kamar kowanne. Ka ɗauki faranti ka zuba abin da kake so, a ɗora a sikeli ka biya. Da yawa mabiya Buddha ne ke da su, masu tsanani a cikinsu ba nama, ba giya, har albasa da tafarnuwa ba sa sawa. Su ne suka riƙe ni shekarar farko. Abin da zai ba ka tsoro kawai shi ne za ka ga abu kamar cinyar kaza ko tsiren nama, amma duk waken suya ne da alkama da naman kaza na daji, wato lemar kwaɗi irin wadda ake ci.

Malam Na Zaure:
To madalla. In haka ne ba laifi.

Ɗan Agadasawa:
Duk wannan wahala ta me? Ni in zan yi tafiya, kilishi nake ɗaurewa da dambu da garin kwaki, in ci abina a ɗaki.

Mai Kwamfuta:
Kul! Kada ka gwada wannan a Taiwan. Tun a cikin jirgi ake sanarwa, a filin jirgi kuma ga karnuka ga na'ura. Saboda cutar zazzaɓin aladu ta Afirka suka tsananta tun ƙarshen 2018. Wanda aka kama da kayan alade daga ƙasar da cutar ta ɓulla, tarar farko dalar Taiwan 200,000 ce. Sauran nama ma an hana, kuma akwai tara. Jami'in ba zai tsaya kana masa bayanin cewa kilishin sa ne ba. Ni ko yaji sai da na nuna musu na tambaya. Kuma cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Taipei ko ruwa ba a sha, ko cingam, shi ma tara ne.

Ɗan Agadasawa:
Ashe. Allah Ya tsare. To kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Injiniyar Gona:
Ni fa tun ɗazu maganar rogo nake jira. Shayin nan mai baƙaƙen ƙwallaye da yara ke rububi yanzu a Abuja da Legas, ba daga can ya fito ba?

Mai Kwamfuta:
Daga can ne Injiniya. Can kusan kowace kwana akwai shagonsa. Za a tambaye ki sukari nawa, cikakke, rabi, kaɗan ko babu, ƙanƙara ma haka, a liƙe bakin kofin da leda a ba ki bututun zuƙa mai faɗi. Zuƙar farko ƙwallo ya wuce min maƙogwaro ban shirya ba, na yi ta tari a titi. Daga baya na gane taunawa ake yi. A shekarun 1980 aka fara shi, kuma shago biyu ne ke jayayya, Chun Shui Tang na Taichung da Hanlin na Tainan, kowa na cewa shi ya ƙirƙira, har kotu sun je.

Injiniyar Gona:
To abin da ke min ciwo ke nan. Ƙwallayen nan sitacin rogo ne da baƙin sukari, ba wani sirri. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. Mu mun tsaya a garin kwaki da alabo da dafaffen rogo da ƙuli, su sun mulmula shi sun ba shi suna, duniya na saye. Waken suya ma haka, muna da awara amma kullum fuska ɗaya, a soya a sa yaji. Gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano fa?

Baban Khalifa:
Injiniya kin fara. Komai sai an mai da shi laifinmu. Su ma ai ba su san fura da nono ba, ba su san kunun gyaɗa ba, ba su san alkaki ba. A kai musu dakuwa mu gani in ba su yi santi ba. Kuma da can in an ce kaya ɗan Taiwan ne ai ma'anarsa jabu, yau kuma su ne abin koyi?

Mai Kwamfuta:
Wannan tsohon zance ne Alhaji. Wayar da kake rubutu da ita, da wuya in ƙwaƙwalwarta ba a can aka ƙera ba. Amma a kan dakuwa na yarda da kai, za ta karɓu. Gyaɗa ai ita ce ta fi ba ni mamaki. Suna da wani ƙaton kantun gyaɗa kamar bulo, sai a sa abin fiƙe katako irin na kafinta a kankaro shi, a zuba garin kan ɓawon fulawa siriri, a ɗora askirim curi biyu, sannan a watsa ɗanyen ganyen miya mai ƙamshi a naɗe kamar shawarma. Ganye a askirim! Na ce a cire, mai sayarwa ta girgiza kai. Na ci a haka, kuma ita ce da gaskiya.

Ɗalibin Tainan:
Daga Yilan, can arewa maso gabashin ƙasar, wannan ya fito. Yaya ka sha aiyu kuwa? Shi ne abin da na fi so a lokacin zafi. 'Ya'yan wani irin ɓaure ne da ke fitowa a duwatsunsu, a ƙulle su a ƙyalle a yi ta murzawa cikin ruwan sanyi, a bar shi ya kama da kansa ya yi rawa-rawa, a sa lemon tsami da zuma. Ba a sa masa komai na dabba. Mangwaron da ka ci kuwa daga wajenmu yake, Yujing a nan Tainan, iri ne mai jan baya da aka kawo daga Florida ta Amurka a shekarun 1950. Ka yi sa'ar lokaci, wanda ya zo a Disamba ba zai same shi sabon tsinka ba.

Mutanen Tainan kuwa har miya sukari suke sa wa, sauran 'yan ƙasar na tsokanarsu da haka. Tun zamanin Turawan Holan a shekarun 1600 ake noman rake a nan, Japanawa da suka mulki tsibirin daga 1895 zuwa 1945 suka cika shi da masana'antun sukari. Har tumatir yankawa suke a dangwala a wani kwaɓi na citta da sukari da ruwan waken suya, wai kayan marmari ne.

Maman 'Yan Biyu:
Tsaya tukuna. Mai Kwamfuta, ɗan kek ɗin nan mai abarba a ciki da ka aiko wa maigidana da safe, yara sun cinye huɗu. Tun da ɗalibi ya fara lissafin kitsen alade gabana ke faɗuwa. Me ke cikinsa?

Baban Khalifa:
Ni ma na ci biyu! Kai yaro, ka duba kwalin nan yanzu.

Ɗan Agadasawa:
Au, Alhaji, ashe mai zagin wake da sukari ya riga kowa?

Ɗalibin Tainan:
Tambayar na kan hanya, don na gargajiya wasu da kitsen alade ake murza ɓawonsu, musamman wani mai faɗi na Taichung da suke kira kek ɗin rana. Na abarba yanzu galibi man shanu ne, amma a duba. Yaya turo hoton bayan kwalin.

Mai Kwamfuta:
Ga shi na tura. Ku kwantar da hankalinku, sai da na zaga shago uku kafin na samu mai tambarin halal, shi ya sa ma bai isa kowa ba.

Ɗalibin Tainan:
Na karanta. Fulawa, man shanu, ƙwai, madara, sukari, abarba, sai wani farin kabewa da suke haɗawa don ya rage tsami. Ga tambarin nan a ƙasa. Lafiya lau. Su a harshensu na gida sunan abarba, ong lai, ya yi kama da a ce arziki ya zo, shi ya sa ya zama tsarabarsu.

Baban Khalifa:
To alhamdu lillahi. Ba wani daɗi ne da shi ba dai, amma in akwai saura a aiko, na jikoki.

Hajiya Mai Awara:
Ku kuna ta surutu ni na shiga kicin. Da ma ina da markaɗe a wuta, na ɗebi kofi biyu na madarar na sa ruwan tsami kaɗan, na ƙi matsewa. Ta tsinke min ta yi gudaji-gudaji, ba ta yi santsin da ɗana ya faɗa ba. Na dai zuba ruwan sukari da citta da gyaɗa, 'yan aikina sun cinye suna dariya. Ɗalibi, ina na kuskure?

Ɗalibin Tainan:
Ruwan tsamin ne Hajiya, yana kama ta da sauri ya raba ta da ruwa. Su wani farin gari suke sawa, jifsam na ci, ɗan kaɗan. A dama shi da ruwa a ƙasan roba, a kwarara madarar da zafinta gaba ɗaya daga sama, a rufe, kada a juya, kada a motsa robar kamar minti 20. Gyaɗar kuma a cire bayanta a jiƙa ta kwana kafin a dafa. Ina zuwa hutu watan Agusta in sha Allah, zan taho miki da ƙulli ɗaya.

Hajiya Mai Awara:
Allah Ya kawo ka lafiya ɗan albarka. Ka taho da biyu, na farko lalacewa zai yi.